Idon Usta Mainasara

Fim ɗin ya ƙare da la'asar sakaliya, ranar Juma'a, a unguwar Alhilla Kuku ta ƙasar Sudan, a diwan ɗin Abdulganiyu, wato ɗakin baƙi mai ƙofa biyu, ɗaya waje ɗaya cikin gida. Mutum takwas ne a ciki, wasu kan kujeru, wasu a ƙasa kan darduma. Abdulganiyu ya tashi ya kashe bidiyon, ya zare kaset, ya lulluɓe na'urar da ƙyallen da matarsa Ni'mat ta yi wa ado. Daga Jidda ya zo da ita, kuma a wannan shekara ta 1991 duk layin babu mai irinta.

"To, kun dai gani," in ji shi. "Wannan shi ne fim. Kun ga yadda jarumin ya diro daga saman jirgin ƙasa? Indiya ta fi Masar nesa ba kusa ba."

Aka ce haka ne. Jafaru direban bas ma ya gyaɗa kai, amma idonsa na can kusurwa, inda wani dattijo ke zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, ya karkato da kunnensa wajen talabijin ɗin da aka riga aka kashe.

"Usta, kai me ka ce?"

Mainasara yayan Abdulganiyu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da shida ya yi yana haska fim a wata silima marar rufi a Umdurman, har ranar da aka garƙame ta, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Idonsa na hagu tartsatsin fitilar na'ura ya lalata shi tun da jimawa, na dama kuma yanzu yanar ido ta rufe shi. Abin da yake gani a talabijin bai wuce gilmawar inuwa ba. Amma kunnensa ya sha Indiyanci har ya iya.

"Fim ya yi daɗi," ya ce a hankali. "Sai dai ina da tambaya. Wa ya gaya wa yaron nan cewa an sa yarinyar a jirgin safe?"

"Ai wasiƙa ta rubuta masa," in ji Zubairu tela.

"Ta rubuta. Amma na ji kawunta ya ƙwace, na kuma ji ƙarar ashana. Ko ba a ƙone ta ba?"

"An ƙone, a gabanmu."

"To, shi yana kurkuku, wasiƙa ta zama toka, mai gadin da ya san zancen an harbe shi tun kafin waƙa ta uku. Yana fitowa sai tasha, bai tambayi kowa ba. Ko aljani ne ya raɗa masa?"

Ɗakin ya kece da dariya. Zubairu ya ce wataƙila zuciya ce ta gaya masa, ai masoya ne. Mainasara ya ce to zuciyar ta iya karanta jadawalin jirgi ke nan. Daga nan ya gyara zama.

"Wani lokaci kuma ba laifin masu fim ba ne. Zare ya tsinke a na'ura, mutane na ihu a ƙasa, dole ka yanke kamu biyu ka manne. Ni kaina na taɓa yanke mutuwar wani sarkin ɓarayi. Mutanen Umdurman suka yi mako suna gardamar inda ya shiga."

"To tsakanin Masar da Indiya wa ya fi ƙarya?" in ji Jafaru.

"Kowa da irin tasa. Bamisire ya cika ka da magana har ka manta tambayarka. Ba'indiye ya rufe ramin da waƙa. Ɗan kaboyi kuwa harbe mai tambayar yake yi."

Kafin a ankara kujeru sun juya. Waɗanda ke ƙasa suka ja jiki zuwa gindin angarib. Abdulganiyu ya ɗauko butar jabana yana zuba gahawa a ƙananan kofuna, yana miƙa wa mutanen da suka ba shi baya. Suna karɓa ta kan kafaɗa, ba tare da sun waiwayo ba. Shi ya sayi bidiyon, shi ya yi hayar kaset, gahawarsa ake sha, fankarsa ke kaɗawa. Ya tsaya da butar a hannu yana murmushin yaƙe.

Mako na gaba ya yi shiri. Ya karɓo wani fim na Masar tun ranar Alhamis, ya dawo daga shagonsa na kayan mota da azahar, ya ce wa yayansa su gwada kaset ɗin ko yana da kyau. Ana cikin kallo Mainasara ya ɗaga yatsa.

"Ka ji? Matar nan ta ce ba ta taɓa shiga gidan ba, amma ta kira mai aikin da sunansa, ba wanda ya gaya mata."

Abdulganiyu ya riƙe wannan a ransa kamar wanda ya tsinci zinariya. Bai tsaya ganin ƙarshe ba, ya kashe ya koma kasuwa. Ranar Juma'a ma hankalinsa bai zauna a kan fim ɗin ba, yana ta shiga da fita, yana juya maganar a bakinsa. Ana gamawa, kafin kowa ya buɗe baki, ya ce:

"Kun lura da kuskuren da suka tafka? Matar ta kira mai aiki da sunansa, alhali ba ta taɓa shiga gidan ba. Masu fim ɗin nan ba su san aikinsu ba."

Zubairu ya dube shi da mamaki. "Ya zol, bawan Allah, ai wannan ba kuskure ba ne. Ba ka ga ƙarshe ba? Ita ce tsohuwar matar mai gidan. Da gangan suka sa, don mai hankali ya gane tun da wuri."

Wani ya yi dariya, ya toshe ta da tari.

"Ai wurin da ya dace ya kama," in ji Mainasara daga kusurwa. "Mutum goma za su kalla ba su lura da sunan nan ba. Shi ya lura."

"Jini ba ya ƙarya," in ji Jafaru. "Ƙanin Usta ne fa."

Da an ci gaba da yi wa Abdulganiyu dariya, da ya fi masa sauƙi. Ƙanin Usta. Haka ake kiransa tun yana ɗan shekara tara, lokacin da Mainasara ke shigar da shi silima ta ƙofar baya ya zaunar da shi kusa da na'ura. Ya yi shekara biyar a Jidda, ya gina gida da jan bulo, ya haifi 'ya har ana ce masa Abu Huseina, ga shi a tsakiyar ɗakinsa har yanzu ƙanin wani ne. Kuma wanin ma a gidansa yake ci, a gidansa yake kwana.

Jafaru ne ya kai Mainasara asibitin ido a Khartum, ranar da ba ya aiki. Suka dawo da takarda, Jafaru ya karanta wa jama'a a diwan.

"Likita ya ce yanar ta nuna. A cire ta, idon dama zai dawo garau. Amma kada a wuce wata biyu. In ta wuce ƙima tana iya toshe idon ta kashe jijiya, jijiya kuwa in ta mutu ba ta tashi. Ana son ɗan'uwa ya sa hannu, ya zauna da shi kwana biyu."

Aka yi ta hamdala. Mainasara na ta shafa gwiwarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Abin da nake so in gani," ya ce, "fim ɗin Cana ɗin nan da kuke ta zance. Ƙarar duka nake ji kamar ana sussukar dawa, ban san wa ke dukan wa ba."

"Mun shiga uku ke nan," in ji Zubairu yana dariya. "Mutumin da ke kama mu da kunne kaɗai, ina ga in ido ya dawo? Sai dai mu rufe baki gaba ɗaya."

Abdulganiyu ya miƙa hannu ya karɓi takardar. "Na gode, Jafaru. Daga nan ni zan ɗauka. Yayana ne, ba zan bar wa wani hidimarsa ba."

Aka yaba masa. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun jallabiya. A lokacin bai ce wa kansa ba zai kai shi ba. Abin da ya ce wa kansa shi ne wata biyu lokaci ne mai tsawo.

Mako na farko ya ce zafi ya yi yawa, rauni ba ya warkewa da wuri a irin wannan yanayi. Mako na biyu motarsa ta shiga gareji. A na uku ya zo da labarin wani mutum a kasuwa da aka yi wa aikin ido ya fito ba ya ganin ko tafin hannunsa, ya ce gara a bincika likitan tukuna. Duk lokacin da ya kawo dalili, Mainasara sai ya ce, "Ba komai, yadda ka gani." Wannan saurin yarda ma haushi take ba Abdulganiyu. Da ya yi musu, da ya samu abin riƙewa.

Wata safiya ya sa aka ɗauke angarib ɗin daga diwan.

"Ina za a kai shi, Abu Huseina?" in ji Ni'mat.

"Ɗakin baya. Hasken talabijin na cutar da idonsa."

"Ɗakin ajiya? Kusa da awaki? Ko fanka babu."

"Duhu ake so. Ke likita ce?"

Ni'mat ta ɗauko tsintsiya. Ta share ɗakin, ta tura buhunan gawayi gefe, ta yayyafa ruwa a ƙasa. Mainasara ya shigo yana lalube da sanda, ya zauna, ya ce wurin ya yi, akwai natsuwa.

Ranar Juma'a aka kalli fim ɗin kaboyi ba tare da shi ba. Abdulganiyu ya fara bayani ke nan, Zubairu ya miƙe ya ce bari ya gaida Usta. Jafaru ya bi shi. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, har ya rage daga Abdulganiyu sai na'urarsa. Ya jira, ba su dawo ba. Da ya leƙa bayan gida, ya tarar da su tsugune a ƙofar ɗakin ajiya, cikin warin awaki, suna ba Mainasara labarin fim ɗin baki biyu-biyu.

"Tsaya," Mainasara ke cewa. "Ka ce kwana uku ya yi a hamada ba ruwa. Dokin fa? Shi ma azumi yake yi?"

Suka fashe da dariya. Sun bar fanka da kujeru masu laushi, sun zo sun tsuguna a ƙasa wurin makaho. Abdulganiyu ya koma ciki ba tare da sun gan shi ba. Da Ni'mat ta kawo abinci bayan magariba, ya ce ba ya ci.

Juma'ar da ta biyo baya ya riga su tashi. Ana gama kallo ya tsaya a lungun da ke zuwa bayan gida, ya yi ƙasa da murya kamar mai isar da saƙo mai nauyi.

"Yaya ya ce a yi masa afuwa. Ya ce shekaru sun ja, ya ɓata rayuwarsa a kan hotuna, yanzu yana so ya fuskanci carbinsa. Kada a ƙara kawo masa zancen fim. Kunyarku yake ji, shi ya sa ya ce ni in faɗa."

Suka dubi juna. Ba wanda zai tsaya tsakanin dattijo da Ubangijinsa.

"Allah ya karɓa," in ji Zubairu. "To ko gaisuwa?"

"Yana barci yanzu. Zan gaya masa."

"Zancen aikin fa?" in ji Jafaru. "An kusa cinye wata biyun."

"Su suka ɗaga. Sun ce sai bayan Sallah."

Da yamma ya leƙa ɗakin ajiya. Mainasara na zaune ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani.

"Yau ba su leƙo ba," in ji dattijon.

"Sauri suke yi, Yaya. Ka san mutanen yanzu, kowa ta kansa yake yi."

"Haka ne," in ji Mainasara. Ya fara warware rawanin.

Daga nan diwan ya zama na Abdulganiyu. Ana gama fim sai ya tashi ya yi bayani, a ce haka ne, a sha gahawa, a watse tun kafin a kira magariba. Ba mai gardama, ba mai dariya har da hawaye. Wani lokaci yana cikin magana sai ya kama Jafaru na kallon kusurwar da babu kowa. Ashe ko da aka fitar da mutumin, bai bar ɗakin ba.

Ni'mat ce ke kai wa Mainasara kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa. Da farko yakan cinye, daga baya ya koma barin rabi. Ya daina sa farar jallabiya ranar Juma'a. Ya daina fita masallacin unguwa, don inuwar da yake gani ma ta fara dusashewa, kuma Abdulganiyu kullum yana makara, ba shi da lokacin jan hannu. Wata Juma'a, ana tsakiyar wani fim na Indiya, Abdulganiyu ya fito ɗebo ruwan sanyi. Ya hango yayansa tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, hannu ɗaya riƙe da bango, ya miƙo wuya wajen diwan, leɓɓansa na motsi yana bin maganar 'yan wasan. Ya rame, jallabiyar ta yi masa yawa. Abdulganiyu ya tsaya yana kallonsa na ɗan lokaci. Da ya koma ciki sai ya rage ƙarar talabijin, ya ce maƙwabta sun yi ƙorafi.

Aka yi Sallah, aka ci nama, aka gama. Ni'mat ta yi masa zancen asibiti sau biyu. Na farko ya ce yana sane. Na biyu ya ce in ta gaji da dafa wa yayansa abinci ne ta fito fili ta faɗa. Ba ta ƙara ba. Ita ma ta ce wa kanta tsakanin wa da ƙani ba a shiga.

A wata na biyar ciwon ya zo. Ranar Talata da hantsi Ni'mat ta tarar da Mainasara ya dafe gefen kansa na dama, yana amai a kwano. Idon ya yi ja kamar garwashi, ya kumbura.

"Maleriya ce," in ji Abdulganiyu da ya dawo. "Lokacinta ne." Ya aika aka sayo ƙwayoyi.

"Maleriya ba ta kama ido ɗaya," in ji Ni'mat. "Ka kai shi yau."

"Ranar Asabar zan kai shi."

"Abu Huseina, mutumin nan ba ya kuka da baki, amma ka dubi yadda ya riƙe igiyar gadon."

"Na ce Asabar."

Ranar Asabar kaya suka iso masa daga Bur Sudan, ya fita tun da sassafe. Da ya dawo da azahar ya tarar da gida ba kowa, akwatinsa a buɗe, tufafinsa a warwatse kan gado. Maƙwabciya ta ce Ni'mat ta yafa tob, babban mayafinta, ta je gidan Jafaru, sun sa Usta a tasi. Abin da ya fara zuwa ransa ba yayansa ba ne. Cewa ya yi mace ta fita ba da izininsa ba, kuma ta tona shi a gaban bare. Da wannan fushin ya haye gada zuwa Khartum.

Ya same su a ɗakin likita. Mainasara na zaune kan kujera an rufe masa ido da auduga, Ni'mat na tsaye a bayansa, Jafaru ya jingina da bango. Likitan, wani mai furfura da tabarau, yana riƙe da takardar nan da Ni'mat ta zaro daga akwatin, ta yi laushi saboda ninki.

"Kai ne ɗan'uwansa?" ya tambaya da Larabci. "Na rubuta wata biyu. Yau wata biyar. Za mu sauke masa ciwon, mu cire abin da ya ruɓe. Amma gani ya tafi. Ko kwana huɗun nan da aka zauna da shi a gida, da an kawo shi ranar farko, da wataƙila mun ceto wani abu."

"An ce ku kuka ɗaga zuwa bayan Sallah," in ji Jafaru.

"Ba wanda ya ɗaga. Ba wanda ya zo." Likitan ya dubi Abdulganiyu ta saman tabarau. "Me ya hana ku?"

Dalilan duk suna nan a bakinsa, zafi, mota, mutumin kasuwa, amma ko ɗaya bai yarda ya fito ba.

"Ni ne na ƙi," in ji Mainasara. Muryarsa ta dushe. "Tsoron wuƙa nake ji, likita. Ya yi ta fama da ni, na ƙi."

Likitan ya girgiza kai ya ci gaba da rubutu. Ni'mat ta ja tob ta rufe fuskarta. Jafaru ya dubi Abdulganiyu tun daga rawani har takalmi, ya fita.

Bayan kwana shida aka sallamo shi. Abdulganiyu ya sa an mayar da angarib diwan, a ƙarƙashin fanka, ya sayo lemo da madara. Da suka rage su biyu, ya zauna a bakin gadon.

"Yaya, abin da ka gaya wa likita..."

"Bar shi."

"Wallahi niyyata in kai ka. Abubuwa ne suka yi mini yawa. Kuma komai da lokacinsa, abin da Allah ya rubuta..."

"Kada ka sa Allah a wannan," in ji Mainasara, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ranar da ka tare su a lungu, ina jin ka. Tagar ɗakin ajiya a nan take. Na ji ka ce na tuba."

Abdulganiyu ya ce, "To me ya hana ka magana?"

"In fito in ƙaryata ka a gaban abokanka, a cikin gidanka? Ni na goya ka, Abdulganiyu. Na ɗauka abin zai wuce maka, kamar zazzaɓi. Na ce bari in ba shi ɗakin, in ya ƙoshi zai tuna da ni." Ya juyo da fuskarsa mai auduga. "Abu ɗaya ne ban gane ba har yau. Kana da gida, da mata, da 'ya, da shago, da ido biyu. Ni hira kawai gare ni. Ita ma ta tsone maka ido?"

Abdulganiyu ya miƙe. Ya ce bari ya duba ko shayi ya yi.

Zubairu ne ya zo da mota a ƙarshen mako. Yana da ɗaki a bayan shagon ɗinkinsa a Umdurman. Mainasara ya ce wa maƙwabtan da suka taru shi ya roƙa, wai ƙafarsa ta san titunan Umdurman ko ba ido, a nan kuwa ko masallaci sai an ja shi. Ya gode wa ƙaninsa a gaban kowa, ya sa masa albarka. Kayansa duka a jaka ɗaya suka shiga.

Abdulganiyu ya riƙe wannan bayani da hannu biyu. Duk wanda ya tambaye shi a kasuwa ko a masallaci, sai ya ce, "Ka san tsofaffi. Na yi na yi ya zauna, ya ƙi. Aikin idon ma haka muka yi da shi." Ya faɗa sau da yawa har ya fara jin kamar haka aka yi. Har ya fara ganin shi aka zalunta, shi da ya ciyar da mutum shekara biyu aka saka masa da tafiya gidan bare.

Ni'mat kuwa duk Juma'a sai ta dafa abinci ta zuba a kwanuka, ta ɗaure da ƙyalle, ta hau bas zuwa Umdurman. Ba ta neman izini, shi kuma bai iya hanawa ba. Wata Juma'a ta dawo gab da magariba ta same shi zaune a tsakar gida, ya zuba wa ƙofa ido. Da alama ya daɗe yana jira. Ta ajiye kwanukan.

"Kin same shi?"

"Na same shi."

Ta tsaya. Tana da abin faɗa in ya tambaya. Ciwon kan ya sauka, ya fara cin abinci, ranar Laraba ya yi tuntuɓe a bakin kwata ya fasa gwiwa, kuma har ya tambayi yadda Huseina ke yi da karatu. Ta ga mijinta na murza yatsu, yana neman ta inda zai fara, sai ta ji ɗan tausayinsa ya taso mata.

"Akwai mutane a wurin?" in ji shi.

Ta dube shi. "Akwai."

"Da yawa?"

"Ɗakin bai ɗauke su ba. Har a waje aka shimfiɗa tabarma."

Ya ce, "Har da Jafaru?"

Ni'mat ta sunkuya ta kwashi kwanukanta. Ta kai ƙofar kicin sannan ta waiwayo.

"Yayanka ya makance, Abu Huseina. Ba abin da ya rage masa da za ka ƙwace."

Ta shige. Ya zauna shi kaɗai har aka kira salla, yana lissafa a ransa su wa da wa za su iya zama a kan tabarmar nan.